Waken Kaka da Rufin Kwano

Shekarar da na ɗauko Kaka daga ƙauye, ba ta yarda ta taho da komai ba sai butarta da tiya guda ta irin wake ƙulle cikin tsohon zane. Sauran kaya ta ce a bar wa ɓarayin daji, su ma su ɗanɗani kwana a gado mai ƙafa uku. Ƙauyenmu yana bayan Runka, a lokacin kuwa abin ya kai ba a yin kwana biyu ba a ji harbi ba. Ni ina koyarwa a wata firamare a Batsari, ina haya a gida mai ɗaki biyu ni da matata, aurenmu ko shekara bai yi ba. A babur na je na ɗauko ta. Hannunta ɗaya yana riƙe da rigata, ɗayan yana rungume da waken, bakinta kuma bai huta ba har muka iso: wai da gangan nake faɗawa rami, wai ina gudu kamar an biyo ni, wai da ma tun ina yaro ba ni da kan gado.

Ni ne jikanta na fari, saboda haka tun ina zanen goyo nake mijinta. In tana son abu, ni ne Maigida. In na ɓata mata rai, ragon miji. Ni kuma Amarya nake ce mata, duk da cewa haƙora biyu ne suka rage mata a gaba, su ma ba sa ga maciji da juna.

Waken nan ɗan Zakka take ce masa, don mahaifiyarta 'yar garin Zakka ce, da shi ta zo gidan miji. Ƙanana ne, farare, fatarsu a yamutse, idonsu ja-ja. Ba ya buƙatar kanwa, kafin a gama hira ya nuna, in aka yi alala da shi kuwa sai mutum ya manta da kunya. A da kowane gida a danginmu akwai shi. Amma dangi sun watse, wasu an ƙone musu rumbuna, wasu yunwa ta sa sun dafa irin. Iya saninmu, tiyar nan da Kaka ta rungumo ita ce ta rage. In ta lalace kafin damina ɗan Zakka ya ƙare ke nan, kuma na san halin Kaka, ba abin da za ta jure ba ne.

Ran da muka iso, ko ruwa ba ta sha ba ta ɗaga kai tana nazarin rufin ɗakinta. Kwano ne tsirara, babu silin. Ta yanki igiyar shanyar matata ba tare da tambaya ba, ta kitsa ragaya, abin nan da ake rataye ƙwarya a ciki, ta sa na hau turmi na ɗaura a katakon rufi, kamu ɗaya tsakaninta da kwanon. Ta juye waken a ƙwarya, ta rufe da faifai, na ɗora.

Na ce, "Amarya, me zai hana a zuba a roba mai murfi a tura ƙarƙashin gado?"

"Iri a ƙasa? Kai dai boko ya gama da kai. Mu sama muke aje iri, nesa da ɓera, nesa da mai girki." Ta saci kallon matata. Matata ta yi kamar tana neman wani abu a kwando.

A ƙauye da gaskiyarta. Ɗakinta na can ginin ƙasa ne da jinka, ko rana ta take in ka shiga sai ka ji sanyi-sanyi, ga hayaƙin wutar da take hurawa yana tashi ya ratsa duk abin da aka rataye. Sannan tana da ƙa'idar da ta gada. Duk ran da wata ya tsaya, washegari da hantsi sai ta sauke irin, ta baza a tabarma ya sha rana kaɗan, ta tsince 'yan ƙwarin da suka fito ta murtsuke, ta mayar. Ranar hantsi kawai, ban da ta tsaka, don a cewarta ranar tsaka ƙone idon iri take. Tun tana amarya ta gaskiya take yin haka, ba ta taɓa rasa iri ba.

Watannin sanyi komai ya tafi daidai. Wata ya tsaya, in hau turmi, ta tsinci ƙwaro uku ko huɗu, ta murtsuke su tana zagin iyayensu, in mayar.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai taɓa zama a ɗakin kwano marar silin a Batsari ba, kada ya yi mini maganar zafi. Tun da hantsi kwanon ke fara ƙas-ƙas kamar ana taka shi. Man kaɗanyar Kaka ya narke ya koma ruwa, kyandir ɗin da muke ajiyewa saboda ɗauke wuta ya lanƙwashe ya rusuna. Mu duka muka koma tsakar gida da zama, waken kaɗai aka bari a ciki, a wurin da ya fi ko'ina zafi. Ni da nake tsayawa gaban yara ina koya musu kimiyya, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Wannan har yau yana ba ni haushi.

Da watan ya tsaya na sauke ƙwaryar. Tun kafin a ɗaga faifan na ji wani ɗan motsi sur-sur a ciki. Aka buɗe. Wake ya yi huji-huji, gari ya taru a gindin ƙwarya, ƙwari kuwa suna ta kai-kawo kamar ranar kasuwa.

Kaka ta dafe ƙirji ta yi salati. "Watan jiya hwa huɗu na tsinta! Huɗu! Ina waɗanga sunka hito?" Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido, ta juya shi, ta yanke hukunci. "Ƙwarin birni ne. Ba su da tarbiyya."

Dariya ta ƙwace mini, har sai da na zauna a kan turmin. Batsari ce yau ta zama birni! Amma da na ga yadda ta duƙufa wajen tsinta, na daina dariyar. Ta tsince, ta bushe garin, ta shanya da hantsi, ta ce in mayar inda na ɗauko. Na mayar.

Da la'asar na nufi gindin dalbejiyar ƙofar masallacinmu. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ke zama nan, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana da son a tambaye shi. Muka gaisa, na tambayi iyali da jiki da zafi, sannan na kwashe labari na faɗa masa. Ya tambaye ni inda aka rataye ƙwaryar. Da na faɗa, ya cire hula ya sosa kai.

"Malam, ai renonsu kuke yi. Ƙwaro ba shi da ɗumin jiki nasa, na wurin da yake zaune yake ara. Uwar takan manna ƙwai a jikin wake, tun daga gona ma ake zuwa da shi. Tsutsa ta huda ta shiga, ta ci, ta girma a ciki, ta yanka ƙofa ta fito ƙwaro. In wuri da sanyi, wannan aiki ya wuce wata, ya doshi wata da rabi. In da zafi, mako uku ya isa. Tsohuwa wata take lissafi da shi. A ɗakinta na ƙauye tana riga su, ta kama su kafin su yi yawa. A ƙarƙashin kwanonka su ke riga ta. Kafin wata ya tsaya sun fito, sun yi aure, sun zuba ƙwai."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Daɗi ya kama ni irin na wanda ya tsinci amsar jarrabawa a hanya. Na shiga gida da sauri har ina tuntuɓe, na tsaya gaban Kaka na zayyana mata komai, da hannu da ƙafa, kamar ni na gano.

Ta saurare ni har ƙarshe tana taunar goron da matata ta daka mata. Sannan ta ce, "To ƙwaro agogo gare shi?"

"Ba agogo ba, zafi!"

"Uwata sama ta rataye. Uwar uwata sama ta rataye. Kai da anka haifa jiya, kai za ka sauke?"

Ni kuwa ina da saurin fushi, musamman in na san ina da gaskiya. Na ce to mu gwada. Na samo kwalabe biyu na zuma da suka ƙare, na zuba waken kasuwa mai kyau a kowace, na kama ƙwarin Kaka da suka tsere gefen tabarma na raba musu, na ɗaure bakin kowace da ƙyalle. Ɗaya za a rataye kusa da ragaya. Ɗaya za a binne rabinta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. In na sama suka riga haihuwa, ragaya ta sauko. In ba haka ba fa?

Kaka ta ce, "Ka daka mani hura. A ƙohwar gida. Da rana, mutane na wucewa."

Matata ta tuntsure da dariya har da riƙe bango. Na ce na yarda.

Abin da ya biyo baya ina jin kunyar faɗarsa, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Na zama mahaukacin kwalba. Na sato alli daga makaranta ina jan layi a bango kowace safiya. Ana buga ƙararrawar tara sai in hau babur in zo gida in leƙa in koma, har abokan aikina suka fara tambaya ko amarya ce ba ta da lafiya. Matata ta ce tunda aka kawo kwalaben nan su nake fara gaisarwa kafin ita. Cikin kwana biyu fararen ɗigo-ɗigo suka bayyana a jikin waken, ƙwai ke nan, na kira kowa ya zo ya gani, har mai tallan ruwa sai da na tsayar. Iyayen suka mutu bayan 'yan kwanaki, kwalabe suka yi tsit. Kaka takan wuce ta gabana tana gwada yadda ake riƙe taɓarya, ta ce in fara motsa kafaɗa tun yanzu.

Wajen mako biyu na lura da wani abu a kwalbar sama. Fatar waken ta yi ɗan zagaye mai duhu-duhu a wurare, siririya, har kana hango abu a bayanta. Na ƙasa kuwa fes, ba alamar komai. Ran da layukana suka kai ashirin da ɗaya, na hau turmi da safe, sai ga ɗaya daga cikin zagayen nan ya buɗe, wani ɗan ƙwaro ya leƙo da gashin bakinsa, ya fito, ya tsaya a kan wake yana miƙa.

Na ƙwalla ihu. Na duro daga turmi, takalmi ɗaya a ƙafa, na fito tsakar gida ɗauke da kwalba sama ina juyi. Ni, malamin makaranta, mai gemu, ina rawa da kwalbar ƙwari. Matata ta ɗauki ludayi tana buga mini ƙwarya. Na durƙusa gaban Kaka na miƙa mata da hannu biyu, na ce, "Amarya, barka, an sauka lafiya."

Ta duba. Ta tashi ta je gindin randa ta duba waccan. Ta dawo ta zauna.

"Na ƙasan mutuwa sunka yi. Ka kashe su da sanyi. Ba a tsere da gawa. Sai sun hito mu gani."

Na yi magiya, na yi faɗa, na yi fushi na ƙi cin tuwo, duk a banza. Ta ce ragaya ba ta sauka sai wata ya tsaya, saura kwana takwas. A nan daɗin ya fara gauraya da tsoro. Tunda na ga abin da ido, duk sa'ad da na shiga ɗakin sai in ji kamar ina jin ƙarar cinsu. Na yi niyyar in sauke a ɓoye, amma Kaka ta yi wa igiyar wani ƙulli da ita kaɗai ta iya, kuma ta daina zuwa ko'ina. Kwana takwas ɗin nan na ji tsoro sosai. In waken ya ƙare, cin gasata ba zai amfana mini komai ba.

Wata ya tsaya. Da hantsi na sauke ƙwaryar, na ji ta yi sauƙi a hannu. Kaka ta shimfiɗa tabarma, ta gyara zama, ta yi bisimilla, ta ɗaga faifai.

Suka tashi.

Wallahi tashi suka yi. Mu da muka san ƙwaron wake da rarrafe, in ka taɓa shi ya ƙame ya yi kamar ya mutu, sai ga su fir-fir-fir sun yi sama, sun cika mata fuska. Kaka ta yi baya, ƙafafu sama, ɗankwali ya yi gefe. Matata ta wawuri faifai tana kai musu duka a iska, ta same ni a kunne. Wasu suka faɗa kunun da ke kan murhu, wasu suka shige mini riga, na yi ta tsalle ina tuɓewa. Kajin maƙwabta suka tsallako katanga aka yi ta wasoso. Kaka tana kwance tana ihu, "Ku kama su! Da wakena a cikinsu! Ku kama ɓarayi!" Na yi dariya har hawaye, na yi dariya har cikina ya ƙulle, ita ma da ta tashi zaune ta ga matata da kunu a goshi sai ta fashe, haƙoran nan biyu a waje.

Sai muka dubi ƙwaryar. Fiye da rabi ya zama gari da ɓawo. Wani ƙwayar huji uku, wani huɗu, in ka matsa sai ya ruguje. Kaka ta sa hannu ta ɗebo ta bari yana zuba ta tsakanin yatsunta. Ba ta zagi kowa ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Na je na kira malamin gona. Ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa nesa kaɗan ya gaida Kaka, ya tambayi jiki, ya tambayi baƙunta, ya yi mata jaje na barin gida, ita ma ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya duk da ba ta san ko ɗaya ba. Sannan ya kama ƙwaro guda da ya maƙale a labule ya ɗora a tafin hannu.

"Iya, duba wannan. Kin ga ya fi waɗanda kika sani haske? Jininsu ɗaya da naki na ƙauye, ba na birni ba ne. Tun cikin sanyi suke haihuwa a ƙwaryar nan, 'ya'ya suka haifi jikoki, jikoki suka haifi waɗannan. In tsutsa ta tashi a cunkushe, ga zafi, ga 'yan'uwa ko'ina suna ci, to ba irin iyayenta take fitowa ba. Mai tashi take fitowa, don ta bar wurin ta nemi wani."

Kaka ta daɗe tana kallon tafin hannunsa. "Wato waɗanga tattaɓa-kunne ne."

"Ko ma sun wuce."

Ta juyo gare ni. "Ka gani ko, ragon miji? Ƙwaro ya ga tattaɓa-kunne cikin wata huɗu. Ni ina nan ina ta jira." Matata ta ja mayafi ta shige ɗaki da gudu. Sannan Kaka ta sassauta murya ta ce, "Matsi da zahi. Ai mu ma haka ɗiyanmu sunka yi, kowa ya kama gabansa." Ta share hanci da bakin zane. "To Malam, mi za a yi?"

Abin da ya ce a yi ya kusa sa ta kore shi. Ya ce tsinta ba za ta yi ba, don masu ɓarnar suna cikin ƙwayar, ba a ganinsu. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a tsakar gida, a ɗora baƙar leda, a baza waken a kai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefe da duwatsu. A bar shi a ranar tsaka, tun kafin azahar har ta gota.

"Ranar tsaka! Zahin da ya haife su?"

"Shi zai kashe su, Iya. Suna son zafi, amma yana da iyaka. In ya wuce iyakar, daga ƙwai har tsutsa ba mai sha. Busasshen iri kuwa ya fi su juriya."

"In ya ƙone ido hwa?"

Ya ce a iya saninsa ba ya ƙonewa in wake ya bushe sarai, amma Allah ne masani. Kaka ta dube ni. Rabon da ta dube ni ba da wasa ba har na manta. Ta ce, "Maigida, kai mi ka gani?" Wata guda ina neman a ce ni ke da gaskiya, yau an miƙo mini, na ji ba na so. Na ce a yi.

Muka tsince masu sauran jiki, suka cika kwanon sha ɗaya da ɗan ɗori. Washegari muka shimfiɗa. Kaka ta ɗauko lemar matata ta zauna a gefe tana gadi, carbi a hannu, ta ƙi shiga inuwa. Ƙwarin da suka rage a ciki suka fito suna gudu a ƙarƙashin leda, can suka rage sauri, can suka tsaya. Ni ina zagaye wurin ina duba agogo, kowane zagaye sai ta ce in matsa ina tare wa wakenta rana, ita da jiya ke tsoron ranar. Da lokaci ya yi na ɗaga leda na sa hannu, na janye da sauri, kamar na taɓa gindin tukunya.

Kaka ma ta taɓa. Ta ce, "Kun dahwa mani iri. Saura gishiri da mai."

Ba wanda ya yi dariya. Muka bar shi ya huce a inuwa, na zuba a jarka mai murfi na toshe. Malamin gona ya ce hanya ɗaya ce ta sani, a gwada shuka kaɗan. Na samo tsohon baho da ya fashe a gindi, na cika da ƙasa, Kaka ta zaɓo ƙwaya ashirin da kanta, har da masu huji ɗaya, ta ce su ma a ba su dama. Ta shuka, na yayyafa ruwa, muka ajiye a inuwar katanga.

Kwana ɗaya, ba komai. Kwana biyu, ba komai. A wannan rana ce matata ta kira ni gindin randa, ashe na kwalbar ƙasa sun fara fitowa, bayan kusan mako biyar. Manya-manya, baƙaƙe, suna tafiya a hankali kamar masu kuɗi, na kwalbar sama kusa da su sai ka ce ƙannensu. Na kai wa Kaka, ta duba ta ce, "Yauwa, waɗanga su na sani." Shi ke nan. Na ci gasa, ba wanda ya kula, ni ma ban kula ba. Kwana uku, ba komai. Na kama ta tana tona ƙasar da ɗan yatsa, na yi mata faɗa, ita ma da yamma ta kama ni ina yi.

Ran na huɗu ina ɗaki ina sa riga zan tafi makaranta, sai na ji guɗa. Ban taɓa sanin akwai sauran irin wannan murya a ƙirjin Kaka ba. Ta rangaɗa ɗaya, ta ja numfashi, ta ƙara. Na fito da maɓalli a buɗe. Ƙasar bahon ta tsattsage, ga su nan sun turo, wuyansu a lanƙwashe, kore-kore, wasu da fatar wake a ka kamar hula. Na ƙirga goma sha huɗu, na sake ƙirgawa na sami goma sha biyar. Kaka ta riƙe lema sama tana taka rawa da ƙafa ɗaya, don ɗayar ciwo take mata, matata tana tafi, ni na rasa abin yi sai na ɗaga baho zan yi juyi da shi, suka yi mini ca na ajiye.

Matan maƙwabta suka shigo a guje, wasu da kumfar wanki a hannu. "Lafiya? Haihuwa aka yi? Me aka samu?"

Kaka ta ce, "Wake."

Ranar na makara, kuma ban iya koyar da komai ba, na sa yara suka yi ta zane ina murmushi ni kaɗai.

Da na dawo na ce to gwaji ya ƙare, iri yana da rai, bari in juye bahon, don damina da saura kuma ruwa saye muke yi. Kaka ta tare gabansa da jikinta. Ta ce wanda ya taɓa su sai ya ga abin da zai gani. Na ce da wane ruwa za su rayu har damina? Ta ce ba ruwana.

Washegari da na dawo daga sallar asuba na same ta tsugune a bakin bahon da butarta. A kansu take alwala, a hankali, ruwan hannu da na fuska yana sauka a gindinsu, ba ta bar ɗigo ya faɗi waje ba. Ba ta ji shigowata ba. Da ta gama ta gyara wa wani ɗan ƙarami ganye da yatsa, ta gaishe su yadda ake gaida baƙin da suka sha hanya.

"Sannunku da zuwa. Kun sha wuya, na sani. Ƙasar ba tamu ba ce, ruwan ma na saye ne. Ku daure ku zauna. Ni ma haka nike yi."